Amsa: Ciwon ciki bayan an zura wa Baba bututu a jijiya

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce bayan an zura masa bututu ta cinya don duba jijiyoyin zuciya, ya fara ciwon ciki da kashin jini, likita kuma ya ce kolestarol, wato wani irin kitse da ke cikin jini, shi ne ya toshe jinin hanji. Kana tambayar ta yaya.

Kitsen da ya daɗe yana taruwa a bangon babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ne. Idan bututu ya goge shi, ko aka yi tiyatar jijiya, sai ya ɓare, ƙananan tsinke-tsinken kolestarol su bi jini su maƙale a siraran jijiyoyin hanji. Jiki kuma ya taso musu da kumburi, hanyar ta ƙara tsukewa. Shi ya sa abin kan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya bayyana. An fi ganinsa ga dattawa masu hawan jini ko shan taba.

Ku duba yatsun ƙafarsa. Sau da yawa sukan yi shuɗi da zafi alhali bugun jinin ƙafar yana nan lafiya lau. A kuma riƙa gwada ƙodarsa, don ita ce ke yawan shan wahala.

Maganin tsinka jini ba ya narkar da kolestarol ɗin, don ba gudan jini ba ne. Akan ba da maganin rage kolestarol, a daidaita hawan jini. In wani sashen hanji ya mutu, sai tiyata. In ciki ya ƙage ko zazzaɓi ya taso, ku koma asibiti a daren.