Dillali ya janye, me za mu gaya wa masu kaya?

Yarona, na ga saƙonka na daren jiya. Ka ce: "Maigida, tunda dillalinmu na Duwala ya ce ba zai ƙara sabunta mana lasisin VMware ba, ashe shekara biyun da na yi ina koyonsa sun tafi a banza? Kuma me za mu gaya wa masu kaya?" Kwantar da hankalinka. Bari in fara da yadda aka yi muka iso nan.

A watan Nuwamban 2023 kamfanin Broadcom na Amurka ya kammala sayen VMware, kamfanin manhajar da ke raba sabar ɗaya zuwa kwamfutocin gaibu da yawa. Ba a rufa wata guda ba aka daina sayar da lasisin mutu-ka-raba, aka koma haya. Sannan aka rushe tsohon tsarin abokan hulɗa, sabon kuma sai wanda aka gayyata. A 2024 aka ce mai son matsayi na kirki cikin masu ba da hayar sabar sai ya ɗauki nauyin ƙwayar furosesa 3,500, wato ƙananan sassan da ke yin lissafi a cikin furosesa. Kai da kanka ka ƙirga namu a ɗakin nan na Garwa, ka ga ko mun kama ƙafar wannan adadi. Irinmu ƙanana sai muka raɓe a inuwar manya, su saya su sayar mana. A ƙarshen Oktoban 2025 aka sake rufe wancan tsari, aka rage waɗanda ake gayyata. Dillalinmu bai yi mana ƙarya ba, shi ma ƙofar aka rufe masa. Zanen aro dama ba ya rufe katara.

Abin da ya fi cin aljihu shi ne yadda ake lissafi. Da, gwargwadon ƙwaƙwalwar da masu kaya suka ci a wata muke biya. Yanzu ƙwaya ake ƙirgawa, kuma kowace furosesa ba a lissafa ta ƙasa da 16. Tsohuwar sabar nan ta ƙasan kanta, furosesa biyu gare ta, kowace ƙwaya 8: ƙwaya 16 take aiki da su, kuɗin 32 za a caje ta.

To, batun koyonka. Alhajin da ke kai auduga da shanu kudu, ko asibitin da muke riƙe wa bayanan marasa lafiya, ka taɓa jin ɗayansu ya tambayi sunan manhajar da ke ƙarƙashi? Abin da suke biya shi ne sabar tasu ce su kaɗai, ba a cakuɗa su da kowa, kuma in wuta ta ɗauke da tsakar rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, akwai mai tashi ya duba janareto da na'urar sanyaya ɗaki. Yadda ake raba ƙwaƙwalwa, da shata hanyar sadarwa, da ɗaga kwamfutar gaibu daga wannan sabar zuwa waccan, duk suna hannunka. Wurin maɓallan ne kawai zai sauya.

Mu Proxmox za mu koma, manhajar da ke yin irin aikin VMware. Kamfanin Ostiriya ne, manhajar a buɗe take, tallafinsu kuma da yuro ake biya a kan kowace furosesa. Wannan ya yi mini, domin sefa ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowace yuro, ba kamar dala da ke tashi ta sauka ba. Tun fitowar 8.2 a Afrilun 2024 sun sa hanyar jawo kwamfutoci kai tsaye daga ESXi, manhajar VMware da ke kan sabar. Akwai wasu madadin kamar Nutanix da Hyper-V, kuma mai ɗaruruwan sabar da ya saba da vSAN da NSX, kayan ajiya da na sadarwa na VMware, wataƙila zamansa a can ya fi masa sauƙi. Mu ba mu kai can ba.

Amma kada ka yi gaggawar da na yi. A gwajin farko na ɗauko wata Windows ban sa mata direbobin VirtIO ba, waɗanda take buƙata don ta ga faifai da katin sadarwa na sabon gida, na kunna, sai shuɗin allo. Ta kasa ganin faifanta. Na kwana a ɗakin nan da shayi da sauro, laifin kuma nawa ne. Ka sa direbobin tun tana tsohon gida, ka cire VMware Tools, ka rubuta adireshin katin sadarwa a takarda, don sabon kati zai zo babu komai a kansa. Kwafin ajiya kuwa, wanda ba ka taɓa maido da shi ka ga ya tashi ba, kada ka lissafa shi. Veeam ma, manhajar ɗaukar kwafin ajiya, tun 2024 yana aiki da Proxmox, ba sai mun sake saye ba.

Masu kaya kuma ni zan je musu, kai ka raka ni ka ji yadda ake magana. Za mu faɗa musu ranar da lasisi zai ƙare, da daren da za mu kashe musu aiki, da abin da za mu yi in ƙaura ta ƙi. Daren Asabar ya fi, ban da ƙarshen wata lokacin albashi.

Gobe bayan azahar ka zo da littafi. Ka jera kowace sabar, ƙwayoyinta, da ranar ƙarewar kwangilarta. Da ƙaramar nan ta ofishinmu za mu fara, wadda in ta mutu ba mai kiran waya sai ni.