Kafin ku sayar da filin: abin da na fahimta game da ƙarin ruwan cutar Duchenne

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na karanta tambayarki har sau biyu, domin kusan ita ce tambayar da na riƙa yi wa duk wanda na gani da farar riga shekara 6 da suka wuce. Kin ce likita ya shaida muku cewa yaronku mai shekara 6 yana da cutar lalacewar tsoka da ake kira Duchenne, an kuma ba ku labarin wani ƙarin ruwa da ake yi a ƙasar waje, har maigidanki yana shawarar sayar da filinsa na unguwar Rikkos a Jos. Allah ya ba yaron lafiya, ya ƙara muku juriya. Ni ba likita ba ce, uwa ce kamar ke. Ɗana yana da shekara 11 yanzu, kuma tun ranar da na lura ba ya iya miƙewa daga kan tabarma sai ya dafa gwiwoyinsa da cinyoyinsa kamar mai hawa tsani, alhali sha-raɓarsa ta yi bul-bul har mutane suna yaba ƙarfinsa, muke cikin wannan jarrabawa.

Shawarata ita ce kada ku sayar da komai sai kun riƙe takardar gwajin ƙwayar gado a hannu. Gwajin jini na CK, wanda yakan kai ninki goma ko fiye na adadin da ake gani a jikin mai lafiya idan aka auna waɗannan yara, nuni ne kawai cewa tsoka tana lalacewa, amma ba ya faɗin inda matsalar take. Tsoka tana buƙatar wani sinadari mai suna distirofin, kuma umarnin haɗa shi yana rubuce a ƙwayar gado cikin gaɓa 79. A yawancin yaran, gaɓa ɗaya ko fiye ce ta ɓace, sai bakin wannan gefe ya ƙi haɗuwa da na wancan, aikin ya tsaya gaba ɗaya. Abin da ƙarin ruwan yake yi kamar dabarar tela ne idan ƙyalle ya gaza: yana sa jiki ya tsallake gaɓar da ke maƙwabtaka da giɓin domin bakin ya haɗu, rigar ta fito gajera amma mai sawuwa. Saboda haka kowane magani da gaɓarsa. Exondys 51, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016, na gaɓa ta 51 ne, kuma kimanin yara 13 cikin 100 ne kawai ya dace da su. Vyondys 53 da Viltepso na gaɓa ta 53 ne, Amondys 45 kuma na ta 45. Da aka aika jinin ɗana waje sakamako ya dawo, sai ga shi babu gaɓar da ta ɓace, ta 2 ce ta maimaitu, wato ko kyauta aka ba mu magungunan nan huɗu babu wanda zai amfane shi. Na yi kuka a ranar, amma takardar nan ita ce ta hana mu rabuwa da gidan gadonmu.

Ko da sakamakonku ya dace, ki san abin da za ku shiga. Ba ƙarin ruwa ba ne na sau ɗaya a dawo gida. Kowane mako ake yin sa ta jijiya, ba tare da ranar dainawa ba, ana auna yawansa da nauyin yaron, ana kuma bibiyar lafiyar ƙodarsa. Lokacin da Exondys 51 ya fito, kuɗinsa ya kai kusan dala dubu 300 a shekara, kuma yana ƙaruwa yayin da yaro yake ƙara nauyi. Ki lissafa wannan da canjin yau, ki ga makonni nawa kuɗin fili zai ɗauka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, an amince da magungunan ne bisa hujjar cewa sun ɗan ƙara distirofin a tsoka, ba don an riga an tabbatar sun tsawaita tafiyar yaro ba. Hukumar magunguna ta Turai ta ƙi amincewa da Exondys 51 a 2018, kuma a 2024 babban gwajin da aka yi wa Viltepso bai nuna bambanci a fili ba tsakanin yaran da suka samu maganin da waɗanda ba su samu ba. Ba ina raina aikin masana ba ne, ina fata ya ci gaba, amma wannan ba waraka ba ce.

Akwai kuma Elevidys, wanda sau ɗaya ake ƙara shi, yana ɗauke da gajeren kwafin ƙwayar gadon cikin ƙwayar bairos da aka raunana. Ya fito a 2023 a kan dala miliyan 3.2, kuma a 2025 an ba da rahoton rasuwar samari biyu da suka riga suka daina tafiya, sakamakon gazawar hanta bayan an ƙara musu shi.

Ki yi hattara sosai da masu tallar ƙarin ruwan ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ake kira stem cells da Turanci, domin ba a tabbatar yana maganin wannan cuta ba. Mu ma an haɗa mu da wani asibiti a waje, suka turo bidiyo da lissafin kuɗi cikin kwana biyu, amma ko sau ɗaya ba su nemi ganin sakamakon gwajin ɗana ba. Daga nan maigidana ya gane inda suka dosa.

Ƙarin ruwan da aka yi wa ɗana a zahiri wani ne dabam, kuma a nan gida Najeriya aka yi shi. Yana shan prednisolone tun yana shekara 5, wanda shi da deflazacort su ne aka daɗe da tabbatar suna jinkirta raunin tsoka, suna kuma taimaka wa numfashi, sai dai suna sa ƙiba da raunin ƙashi. Bara ya fara kukan ciwon baya duk lokacin da Keke Napep ya faɗa rami a hanyarmu ta zuwa makaranta, hoto ya nuna ɗaya daga cikin ƙasusuwan bayansa ya ɗan lotsa, likita ya rubuta masa zoledronic acid mai ƙarfafa ƙashi. Sai da aka duba ƙoda, aka gyara masa bitamin D da kalsiyam kafin a sa ledar. Bai kai awa ɗaya ba ruwan ya ƙare, yana kallon wasan ƙwallo a wayar babansa, amma washegari zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka kwantar da shi kwana biyu, kamar yadda aka riga aka gargaɗe mu cewa yakan faru a karon farko. Ciwon bayan ya lafa. Bai ƙara masa ƙarfin tsoka ba, kuma ba a ce zai ƙara ba. Don haka idan an ce miki ƙarin ruwa, ki nemi a rubuta miki sunan maganin da aikin da ake so ya yi.

Kuɗin da kuke da shi, bayan gwajin, ya fi amfani a abubuwan da ba a yayatawa: hoton zuciya a kai a kai tare da fara maganin kare ta idan likita ya ga lokaci ya yi, zuwa sashen gashin ƙashi don a koya miki miƙa masa agara kullum, takalman dare masu hana agara ɗaurewa, da rigakafin ciwon huhu, musamman da sanyin Jos na hunturu da ke kama ƙirjin yara. Kada a taɓa dakatar da prednisolone farat ɗaya, ko da azumi ko tafiya ko yankewar kuɗi, domin hakan yana da haɗari ga rayuwa. Idan za a yi masa tiyata, ko cire haƙori ne da maganin barci, ki faɗi sunan cutar tun kafin a fara, saboda akwai magungunan barcin da ba su dace da su ba.

Wataƙila kin riga kin fara jin maganganu daga dangin miji cewa daga wajenki ne, kamar yadda na ji. Gaskiya ne cutar tana bi ta ɓangaren uwa, amma kusan yaro ɗaya cikin uku sabon sauyi ne ya same shi ba tare da uwar tana ɗauke da komai ba, kuma wadda take ɗauke da ita ma ba zaɓa ta yi ba. Idan sakamakon yaron ya fito, ki yi naki gwajin, domin mai ɗauke da ita tana buƙatar a riƙa duba zuciyarta, sannan a yi wa 'yan matanki idan sun kai munzali, kafin maganar aure ta taso.