Tsargiya ta kai ga lakar ƙanena, zai sake takawa?

Tambaya: Likita, ƙanena ɗan shekara 19 manomin shinkafa ne a Kadawa. Da ciwon ƙugu ya fara, kafin kwana goma ƙafafunsa sun mutu, fitsari ya ƙi fita sai da aka sa masa roba. An yi hoton MRI an ce tsargiya ce a lakarsa. Ashe tana kaiwa nan? Zai sake takawa?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, ɗan'uwa. Tana kaiwa, ko da yake ba kasafai ba. Tsutsar tsargiya daga jikin dodon koɗi take fitowa, ta huda fatar wanda ya shiga ruwan fadama ko na dam, ta zauna a hanyoyin jinin mara ko na hanji. Wani lokaci ƙwayayenta kan ɓace hanya su maƙale a ƙarshen laka, inda jijiyoyin ƙafafu da na mafitsara suke fitowa. Jiki ya taso musu da faɗa, wurin ya kumbura, kumburin ya danne jijiyoyi. Shi ne mutuwar ƙafar da kuka gani.

Shi ya sa magani biyu ake haɗawa. Praziquantel yana kashe manyan tsutsotsi, ana auna shi da nauyin mutum, miligiram 40 zuwa 60 ga kowane kilo. Amma bai iya komai da ƙwayayen da suka riga suka maƙale. Kumburin da suka jawo aikin maganin kumburi ne, irin su prednisolone, wanda galibi da shi ake farawa, kuma a kan ɗauki makonni ko watanni ana sha. Nan mutane ke tuntuɓe: da zarar yatsun ƙafa sun fara motsi sai a ajiye magani. Kada ku kuskura. Likita ne ke rage shi sannu a hankali, yanke shi farat ɗaya na iya dawo da ciwon. Tiyata sai in laka ta matsu sosai, ko jiki na ƙara lalacewa duk da magani.

Batun takawa kuwa, yawancin waɗanda aka fara wa magani da wuri suna miƙewa, wasu sarai, wasu da ɗan ɗingishi. Waɗanda aka yi wata da watanni ana cewa iska ce ko sammu su ne suka fi barin asibiti a keken guragu. Ku kun kai shi cikin kwanaki, wannan babban abu ne. Sai dai ƙafa kan riga mafitsara warkewa, don haka kada hankalinku ya tashi in ya fara dogara sanda alhali robar tana nan.

A riƙa juya shi a gado duk bayan awa biyu don kada ƙugu da dugadugai su yi gyambo, a fara gashi, wato motsa gaɓoɓi irin na asibiti, da wuri. In fitsarin cikin jakar ya yi kauri da wari, ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti ranar. Abokan aikinsa na gona su ma su je a duba fitsarinsu da bayan gidansu, ko da ba su taɓa ganin jini ba.