Tambaya da Amsa: Ƙwallon da aka buga da buhun da aka tura

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibar SS2 ce a Gusau, malamin fiziks ya ba mu asamen guda biyu wallahi kaina ya ɗau zafi. Na farko an buga ƙwallo da gudun mita 20 a sakan, a kusurwar digiri 30, wai a nemo tsawon lokacin da zai yi a sama, da iyakar tsayinsa, da nisan inda zai faɗi. Na biyu buhu mai kilo 10 aka tura a kan siminti da ƙarfin Newton 50, an ce μ ɗin 0.3 ne, wai a nemo ƙaruwar gudunsa. Na raba 50 da 10 na samu 5, ƙawata ta ce ba haka ba ne. An ce mu ɗau g a 10.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Ƙawarki ta yi gaskiya, amma bari mu fara da ƙwallon.

Inda yara ke ruɗewa shi ne suna kallon tafiyar a dunƙule, alhali tafiya biyu ce a lokaci guda, ɗaya sama da ƙasa ɗaya gaba, kuma babu ruwan kowacce da 'yar uwarta, Galileo ne ma ya fayyace haka tun a 1638. To ki raba 20 ɗin. Na sama 20 sin 30, wato 10. Na gaba 20 cos 30, kusan 17.3. Jan ƙasa, wato g ɗin nan, yana zaftare 10 daga gudun sama a kowane sakan, kin ga sakan ɗaya kacal ƙwallon ya daina hawa ke nan, wani sakan ɗin kuma ya sauko, jimla sakan 2. Tsayi kuwa gudun sama sau kansa, 10 sau 10, a raba da ninkin g, wato 20, mita 5. Shi gudun gaba ba abin da ke taɓa shi tunda a irin wannan lissafi ana yin kamar babu iska, sai ki ce 17.3 sau 2, mita 34.6. Ki dai duba kalkuletarki tana kan digiri, don in tana kan radiyan sin 30 zai ba ki wata lamba mai alamar ɗebewa ki yi ta mamaki.

Sai buhu. Kin manta simintin ma yana da ta cewa, yana riƙe buhun, wannan shi ne gogayya ko firikshin ɗin da kuke faɗa a aji. Nauyin buhu kilo 10 sau g, wato 10 sau 10, Newton 100, kuma siminti yana tokare shi da 100 ɗin daidai tunda wurin a miƙe yake ba gangare ba. Gogayya ita ce μ, lambar da ke nuna yadda siminti ke riƙe buhu, sau tokarar, wato 0.3 sau 100, Newton 30, kuma tana fuskantar baya. Abin da ya rage daga turawar 50 a cire 30, wato 20, shi za ki raba da kilo 10, sai ki samu ƙaruwar gudu mita 2 a sakan cikin kowane sakan. Dokar Newton ta biyu, wadda ta ce ƙarfi a raba da kilo shi ne ƙaruwar gudu, da ragowar ƙarfi take aiki, ba da wanda hannu ya sa kaɗai ba.

Ni dai ba na son ɗalibi ya fara da haddar fomula. Ki zana buhun tukuna ko da murabba'i ne, ki ja kibiya huɗu, nauyi ƙasa, tokarar siminti sama, turawa gaba, gogayya baya, da kin yi haka tun farko da ba ki manta 30 ɗin nan ba. Ranar da aka ɗora miki buhun a gangare kuma ki lura, tokarar ba za ta kai 100 ba, sai kin ninka nauyin da cos na kusurwar gangaren.