Tambaya da Amsa: Kafin a Ɗauki Rediyon Falo Zuwa Wurin Mai Gyara

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi sabon kilen USB mai jiga 64 a babbar kasuwa, aka zuba mini karatun Alƙur'ani da wa'azi. A kwamfuta yana yi, amma rediyon falona mai CD da USB sai ta rubuta NO FILE. Tsohon kilena mai jiga 8 kuwa lafiya lau yake yi. Jabu aka sayar mini ke nan? Daga mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin ɗora wa mai shago laifi, kuma rediyonka lafiyarta ƙalau tunda tana karanta tsohon kile. Matsalar tana ga tsarin da kilen ya zo da shi. Galibin waɗannan na'urori tsarin FAT32 kaɗai suka sani, shi kuwa kilen da ya wuce jiga 32 yakan fito daga kamfani da exFAT. Kwamfuta ta san duka biyun, rediyo ba ta sani ba.

Ka kwashe duk abin da ke ciki zuwa kwamfuta tukuna, domin foma, wato sake wa kilen tsari, tana share komai. Sannan a yi masa foma a FAT32, a mayar da kayan. Sai dai yawancin kwamfutocin Windows ba sa ba da wannan zaɓi ga babban kile sai da wata manhaja ta daban, kuma ko an yi, wata rediyon ba ta ɗaukar girman. Mu a ganinmu mai jiga 8 ko 16 ya fi dacewa da aikin nan. Minti ɗaya na MP3 mai matsakaicin inganci mega ɗaya ne kacal, ka ga jiga 8 zai ɗauki fiye da awa 120.

Idan an gyara tsari bai yi ba, a duba irin fayil ɗin. Saƙon murya na WhatsApp a OPUS yake, wasu karatuttukan kuma M4A ne, rediyo kuwa MP3 take nema, wani lokaci da WMA. Sauya sunan fayil zuwa mp3 ba ya mayar da shi MP3, kamar liƙa wa buhun dawa takardar gero ne. Sai an juya shi da manhajar juya sauti. Akwai kuma birus ɗin da ke yawo a kwamfutocin masu zuba wa mutane kaya a kile, wanda ke ɓoye fayiloli ya bar inuwarsu: kile a cike, rediyo ba ta ganin komai.

Don surori su zo a jere, a sa musu lamba 001, 002 har 114, a kuma zuba su bi da bi, domin wasu na'urorin yadda aka zuba suke bi, ba suna ba.

Tambaya: Tun da hunturu ya shigo faifaina ke tsalle, yanzu ma sai ya yi ta juyi ya rubuta NO DISC. Daga wata uwargida, Tibiri.

Amsa: Hajiya, ƙura ce abin zargi na farko. A cikin na'urar akwai wani ɗan gilashi, bai kai ƙwayar wake ba, shi ne idon da ke karanta faifai. Ƙurar buji ta kwanta masa, sai ya daina gani.

Ki fara da faifan. Ki goge shi da tsumma mai laushi irin na tabarau, daga ramin tsakiya zuwa baki a miƙe, kada ki bi zagaye, don karcen da ya bi layin sauti shi ke sa tsalle. Ki gwada faifai uku, har da na asali in kina da shi. Idan na asali ya yi, na kwafi ya ƙi, to ido ya fara rauni ko an yi kwafin da gaggawa. Ki ce a sake buga miki a hankali, a kuma rufe faifan a cikin manhajar bugun (finalize) bayan an gama.

In duk sun ƙi, a cire wuta, a buɗe murfi, a ɗan jiƙa tsinken goge kunne da alkol na famasi, a shafa idon sau biyu a hankali ba dannawa, a bar shi minti goma ya bushe. Ban da ruwa, ban da kananzir, kuma kada a taɓa ƙananan kusoshin da ke gefen idon. Wanda bai saba ba ya bar wa mai gyara. Bayan haka a riƙa rufe na'urar da zane idan tana kashe. Idan tana kunne a yaye, kada zafi ya taru.

Tambaya: Muna kama Muryar Sahel da Anfani da rana, amma da dare sai shuuu. Daga wani matashi, Madarumfa.

Amsa: Ɗan'uwa, yi wannan gwajin yau da dare: bar rediyo a kunne, ka kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya, ka cire cajar waya. Inda shuuu ɗin ya ɗauke, nan ɓarawon yake. Ƙwan LED mai araha, caja, da inbata ta sola su ne suka fi watsa wannan ƙara. A nisanta su, ko a sauya ƙwan.

Sai eriya. Siririn wayar nan da ke bayan na'ura ba ado ba ce, a warware ta a miƙe kusa da taga. Rufin kwano yana tare tasha, saboda haka wanda ke nesa da gari ya yi eriyar waje: wayar tagulla biyu, kowace santimita 75, a jera su baki da baki a kan sanda sama da rufi, a sauko da su ta kebul ɗin talabijin mai om 75 (om shi ne ma'aunin juriyar wuta) zuwa ramin FM. In tashar tana da rauni, danna MONO, ƙarar za ta ragu sosai. Da damina, in hadari ya haɗo, a zare kebul ɗin da filogin wuta duka.

Tambaya: Na ƙara bafil (lasifika) biyu don biki, na'urar ta rubuta PROTECT ta mutu. Daga unguwar Mokoyo.

Amsa: Malam, kanta ta kare, da sauran shan ruwanta. Duba bayanta za ka ga an rubuta om 6 ko 8. Bafil biyu masu om 8 a rami ɗaya sun koma om 4, ampili, wato sashen da ke ƙara ƙarfin sauti, ya ja wutar da ta fi ƙarfinsa. Cire ƙarin, ka duba kada silin wayar ja ya taɓa na baƙa, ka bar ta rabin awa ta huce, sannan ka kunna da ƙaramin sauti. Idan ta sake rubuta PROTECT alhali ba bafil ko ɗaya a jikinta, mai yiwuwa ampilin ya ƙone, wannan kam sai mai gyara.