Ga mai neman ampili mai sauƙin kuɗi: kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, domin maganar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce yayanka ya bar maka manyan lasifika biyu da zai koma Ngawundare, a bayansu an rubuta 8 ohm, kana son ampili, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura wa lasifika, da za ka haɗa a falo saboda karatu, labarai, waƙa da kallon ƙwallo. Jaka 60 ke hannunka, kuma ka ga wani a kasuwa da 3000W a jikin kwalinsa, mai shago ya ce ka kawo jaka 25.

Wannan na jaka 25 ɗin, don Allah ka bar masa abinsa. Na yi shekara 14 ina gyaran rediyo da talabijin a nan Garwa kafin ido ya fara ba ni matsala na koma sayar da kayan wuta, kuma irinsa ba ɗaya ba, ba biyu ba, na kwance da hannuna.

Wanda ba na mantawa na wani dattijo ne maƙwabcinmu. Ya sayi irin wannan mai 2500W saboda walimar saukar karatun ɗansa. Kafin la'asar muryar mai wa'azi ta koma kamar daga cikin tulu take fitowa. Washegari ya kawo mini ampilin da lasifikar a bayan babur. Da na kwance murfin, rabin akwatin iska ce kawai. Taransifomar ciki ba ta fi sabulun wanka girma ba, ƙarfen da ke shanye zafi kuwa siriri ne kamar gwangwanin kifi. Na juya bayan akwatin na nuna masa ƴar takardar da ke kusa da igiyar wuta, inda aka rubuta abin da na'urar ke sha daga soket: 60W. Na ce, Baba, abin da ya sha 60 ta yaya zai amayar da 2500? Ya yi shiru yana kallon takardar. Ƙananan lasifikokin sama, masu fitar da siririyar murya, duka biyun sun ƙone, kana kai hanci za ka ji ƙaurin waya. Gyaransu ya kusa cin kuɗin ampilin. Abin ya dame ni sosai, don mutumin kuɗin gero ya tara ya saya.

To ga abin da ke faruwa. Waɗannan manyan lambobi ana kiransu PMPO, kuma babu wata ƙa'idar awo da aka yarda da ita a kansu, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa. Lambar da za ka nema ita ce RMS, wato ƙarfin da ampili zai iya bayarwa a kai a kai ba tare da ya shaƙe ba. Ita ma ba ta cika sai an faɗi abu biyu tare da ita: a kan ohm nawa aka auna, wato ma'aunin yadda lasifika ke turje wa wuta, kuma gurɓatar sauti, abin da suke rubutawa THD, kashi nawa ce. Wanda ya rubuta 50W a kan 8 ohm da THD ƙasa da kashi 1 cikin 100 ya faɗa maka gaskiya. Wanda ya rubuta 100W a kan 4 ohm da THD kashi 10, a kan lasifikarka mai 8 ohm abin da za ka samu mai tsabta zai yi wuya ya wuce 40.

Sai tambayar da ta fi: wat nawa falonka ke buƙata? Mutane na mamaki idan na faɗa musu. Duba bayan lasifikarka ko akwai wata lamba mai dB, wato ma'aunin ƙara, yawancin na gida tsakanin 86 ne da 90. Mu ɗauka 88 ce. Ma'anarta, da wat 1 tak, wanda ke tsaye mita 1 daga gabanta zai ji ƙara ta 88 dB, kuma wannan ƙara ce da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Duk sanda ka ninka wat, 3 dB kaɗai ke ƙaruwa. Wat 2 ya ba ka 91, wat 4 ya ba ka 94, wat 8 ya ba ka 97, haka har 32 ya kai ka 103. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sau biyu, sai an ninka wat kusan sau 10. Shi ya sa tsakanin ampili mai 50W da mai 100W bambancin ɗan kaɗan ne a kunne, amma a aljihu ba kaɗan ba ne. A falo irin namu na mita 4 da 5, zaman sauraro na yau da kullum bai cika cin fiye da wat 2 ko 3 ba. Sauran ajiya ce don lokacin da ganga ta buga ko ƴan kallo suka yi ihu an ci ƙwallo. Wat 30 zuwa 60 na gaskiya a kowane gefe ya ishe ka har ka yi kyauta.

Kada kuma ka ce to bari in sayi ɗan ƙarami ƙwarai don kare lasifika. Abin da ya ƙona na dattijon nan ba yawan ƙarfi ba ne, ƙarancinsa ne. Idan ampili ya kai iyakarsa kuma aka ci gaba da murɗa shi, sai ya riƙa yanke kan sautin, wannan yankakken sauti kuwa zafi yake turawa ƙaramar lasifikar sama har wayarta ta narke. Alamar ita ce murya ta fara karcewa, tana tsaga kunne. Da ka ji haka, rage.

Yanzu kasuwa. Da jaka 60 hanya biyu gare ka.

Ta farko ita ce ƙananan ampili na zamani da ake kira Class D, waɗanda ba su fi littafi girma ba. Da can ni ma raina su nake yi, don mun saba da cewa ampili sai ya yi nauyi. Na sauya ra'ayi. Waɗannan kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da suka sha lasifika take tafiya, yayin da tsoffin Class AB kusan rabi zafi yake zama. Wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Abin tambaya a nan shi ne wane guntu ne a ciki, wato ƴar ƙwayar lantarkin da ke ƙara ƙarfin sautin. Biyu ne na yarda da su, duka na kamfanin Texas Instruments. TPA3116D2 shi ne ƙarami, yana aiki daga bolt 4.5 zuwa 26. TPA3255 shi ne babba, yana so daga bolt 18 zuwa sama da 50, kuma sautinsa ya fi tsabta. Shi ke cikin Fosi Audio V3 da Aiyima A07. Su biyun nan ba su da Bluetooth, da waya ake haɗa su. In kana son haɗawa da wayar hannu ba igiya, akwai Fosi BT20A mai ƙaramin guntun, da BT20A Pro mai babban.

Sai dai a nan ne ake cutar mutane ta wata fuskar, wato adaftar da ke ba shi wuta. Guntun komai kyansa ba ya ƙirƙirar wat, abin da adafta ta ba shi yake rabawa. Lissafin mai sauƙi ne, kuma ina so ka riƙe shi: ka ninka bolt da kansa, ka raba da ninkin ohm ɗin lasifikarka. Kai mai 8 ohm da 16 za ka raba. Adafta mai bolt 12 ba za ta taɓa ba ka fiye da wat 9 mai tsabta a kowane gefe ba, ko da an rubuta dubu a kwali. Cajar kwamfuta mai bolt 19 za ta kai ka wajen 22. Bolt 24 ya ba ka 36, bolt 32 ya ba ka 64, kuma a aikace ɗan ƙasa da haka za ka samu. Don haka idan mai shago ya miƙo maka ampili mai kyau da ƴar adafta mai bolt 12 da amfiya 2, rabin kaya ya ba ka. A gidana TPA3255 ne da adafta mai bolt 32 da amfiya 5, shekara ta uku ke nan, ban taɓa kai maɓallin rabi ba. Wani amfanin kuma, yawancin waɗannan adaftoci a jikinsu an rubuta 100 zuwa 240V, to ko wuta ta yi ƙasa da yamma, lokacin da ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya kuma kowa ya kunna fanka, ba sa damuwa. In kuwa sola gare ka da batir mai bolt 12, ƙaramin guntun ne kaɗai zai hau kai tsaye, babban ba zai tashi ba.

A kula, akwai jabu. Na taɓa ɗaga ƙarfen sanyayawa na wani da aka ce TPA3116 ne, na tarar an kankare rubutun kan guntun. In kana da ɗan'uwa a Duwala ko wanda ke yin odar kaya daga waje, gara ka bi ta hannunsa ka sami mai suna, ko da za ka jira sati uku.

Hanya ta biyu ita ce tsofaffin na hannu da ake kawowa daga Turai, irin su Yamaha, Pioneer, Technics, Kenwood, Sony da Denon na shekarun 1980 da 1990. Ina ƙaunarsu, ba zan ɓoye ba. Lambar da ke jikinsu gaskiya ce, suna da wurin haɗa talabijin da rediyo da sauransu, kuma duk mai gyara ya san cikinsu. Amma wanda ya shekara 30 sai an duba lafiyarsa. Da fari ka karanta bayansa. In ka ga 120V na Amurka ne, in 100V na Japan ne, wutarmu kuwa 220 ce, kana sawa zai ƙone. Sai ka je da mai gyara da mitarsa. A kunna ba tare da an haɗa lasifika ba, a rage murya gaba ɗaya, a saurari ɗan ƙas ɗin da yake yi bayan daƙiƙa kaɗan, wannan shi ne makullin kariya yana buɗewa. A sa mita a bakin da ake ɗaura wayar lasifika a auna wutar DC. Ƙasa da milibolt 50 lafiya lau, in ta kai ɗaruruwa ka ajiye, wannan mai cin lasifika ne. A leƙa ta ramukan murfi a ga manyan kafasito, in kansu ya kumbura ko sun yi tsatsa a gindi sun gaji, zafi ne ke busar da su, kuma ƙasarmu ba ta raga musu. Daga nan a haɗa lasifika a bar shi yana waƙa minti 20 aƙalla, kana murɗa kowane maɓalli kana jin ko yana ƙarƙara, kana duba ko gefe ɗaya ya fi ɗaya. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Wani abu da na ga ya kamata in fayyace, tunda ka rubuta ampilin ƙarfi kake nema. Na ainihi, irin dogayen nan masu fanka da masu kiɗan biki da masallatan Juma'a ke amfani da su, aikinsa ƙara ƙarfi kawai, sai an haɗa masa mikisa ko wata na'ura a gaba. Fankarsa kuma cikin dare za ta hana ka jin daɗin karatu. Ba na falo ba ne.

Ni da ni ne kai, ƙaramin Class D mai TPA3255 zan ɗauka da adafta mai bolt 32, in ya fi ƙarfin aljihu in sauko kan TPA3116D2 da bolt 24. Kuma ba zan kashe jaka 60 ɗin duka a kansa ba. Ka ware wani abu ka sayi waya ta jan ƙarfe zalla mai kaurin 1.5, irin ta wayarin gida ma ta yi, ba sai mai tsada ba. Ka kankare bakinta da wuƙa a gaban mai shago, in cikin ya fito fari to alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe. Wajen ɗaurawa ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka lasifikokin, in ka juya ɗaya za ka ji gangar ta ɓace. In tsohon na Turai ka zaɓa, to regilata mai daidaita ƙarfin wuta dole ne, musamman in kuna tayar da janareta.

Nan gaba zuciya za ta ce ka ƙara lasifika biyu a tsakar gida. Ka sani biyu masu 8 ohm a baki ɗaya sun koma 4, wannan yawancin ampili na ɗauka. Biyu masu 4 kuwa sun koma 2, a nan ake ƙona kaya. In rubutun bayan taka ya goge ko kana shakka, mita za ta nuna wajen 6 ga mai 8 ohm, wajen 3 ga mai 4.

Kada ka kulle shi cikin kabad, kada uwargida ta lulluɓe shi da ƙyallen ado yana aiki, ka bar masa kamar tafin hannu ta kowane gefe. Lokacin hunturu ka riƙa hure masa ƙura, in an gama a rufe shi, don ƙadangaru da kyankyasai na son ɗumin ciki. Da damina kuwa, hadari na haɗowa ka zare shi daga bango gaba ɗaya, kashe maɓalli kaɗai ba ya hana tsawa.

Ka ɗauko hoton takardar da ke bayan lasifikar, da na bayan duk ampilin da ka gani a kasuwa tare da adaftarsa, ka turo kafin ka biya. In sha Allahu zan duba maka.