Me ke hana ƙwayoyin gina ƙashi fashewa?

Tambaya: Likita, a darasi an ce mana ƙwayoyin halittar da ke gina ƙashi, wato ostiyobilas, suna kumbura kuma suna motsewa. To me ke hana su fashewa, kuma mene ne haɗin wannan da ƙarfin ƙashi?

Amsa: Malam ɗalibi, ka fara riƙe wannan: ƙwayar ba ta da famfon tura ruwa. Gishiri take sarrafawa, ruwa kuwa duk inda gishiri ya nufa can yake bi. Famfon gishirin da Jens Skou ɗan ƙasar Denmak ya gano a 1957 yana fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2, ba dare ba rana. Da zai tsaya cak, sai ƙwayar ta yi ta shan ruwa har ta lalace.

Idan ruwan da ke kewaye da ita ya tsinke, gishirinsa ya ragu, sai ruwa ya kwararo ciki ta kumbura. Nan take ta buɗe ƙofofin fotasiyam da na kuloraid, ta saki har da wani sinadari mai suna taurin, ruwan ya bi su waje, cikin mintuna ta koma girmanta. Sai a 2014 aka gano furotin LRRC8A, ginshiƙin wannan ƙofa ta kuloraid. In kuma motsewa ta yi, sai ta jawo gishiri ciki ta hanyar wasu furotin masu jigilar gishiri, NKCC1 da NHE1, ruwa ya biyo shi.

Kashi na biyu na tambayarka ya fi burge ni, don nan ne ostiyobilas ta bambanta da sauran ƙwayoyi. Duk lokacin da kalsiyam da fosfet suka haɗu suka daskare a jikin ƙashi, asid ake saki. In aka bar shi a wurin, ginin zai tsaya, domin asid narkar da ma'adinin ƙashi yake yi. To NHE1 ɗin nan mai gyara girman ƙwaya, yana shigo da sodiyam ne ta hanyar fitar da asid, kenan da jifa ɗaya ƙwayar take kashe tsuntsu biyu.

Akwai kuma Piezo1, ƙofar da ke buɗewa idan fatar ƙwayar ta miƙe, kalsiyam ya shiga. Ɗakin binciken Ardem Patapoutian ne ya gano ta a 2010, Patapoutian kuma ya samu kyautar Nobel a 2021. Ɓerayen da aka cire wa ita daga ƙwayoyin ƙashi sun tashi da ƙashi mai rauni.

A asibiti ma ana ganin alamar haka: tsofaffin da sodiyam ɗin jininsu ya daɗe yana ƙasa sun fi fuskantar zaizayewar ƙashi da karaya.